Abin da Ya Ci Usaini Ya Bar Hassan

Hausawa na cewa abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. A gidan ƙanwata da ke Hayin Dogo a Samaru, cikin azumin 2024, ƙyanda ta ƙaryata wannan magana. Ta shigo ɗakin da tagwaye biyu ke kwana a katifa ɗaya, suna sha a kofi ɗaya, ta kwantar da Usaini, ta tsallake Hassan kamar ba ta gan shi ba.

Da zazzaɓi ta fara, sai tari da majina, idanu suka kaɗa suka yi ja. A rana ta huɗu ƙuraje suka ɓullo ta bayan kunne, suka bi fuska suka gangara ƙirji. Da numfashin Usaini ya fara sama-sama aka ɗauke shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda aka ce ciwon ya taɓa huhu. An ba shi bitamin A kwana biyu a jere don kare masa ido, aka yi maganin huhun, ya dawo gida a rame, amma da ransa da ganinsa. Mun gode Allah.

Likitan ya ce a sa wa Hassan ido har mako uku. Ƙyanda takan yi kwana 10 zuwa 14 a jiki kafin ta bayyana, mai ita yana yaɗa ta tun kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, kuma ƙwayarta kan yi awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. Cikin yara goma marasa kariya da suka zauna da mai ƙyanda, tara sai sun kamu. Muka ƙirga kwanaki har Sallah ta zo ta wuce. Hassan ko atishawa bai yi ba. Haka ma Gambo, jaririyar da aka haifa a bayansu, mai wata biyar.

Daga nan gida ya rabu uku. Kakarsu ta wajen uba ta ce sha'anin 'yan biyu ne, ba a shiga tsakaninsu. Babansu ya ce dama shi tuni yake zargin allurar rigakafin nan ruwa ce kawai. Ƙanwata kuwa kuka ta sa mini.

"Yaya, wallahi babu wadda ba a yi musu ba. Duk abin da aka yi wa ɗaya an yi wa ɗaya."

Na san ba ta ƙarya. Kuma na san idan maganar babansu ta zauna, Gambo ba za ta sake ganin ƙofar asibiti ba. Shi ya sa na ɗauki abin a wuyana.

Shaidar farko da aka kawo mini dantse ne. Ƙanwata ta naɗe musu hannun riga, ga lamba a jikin kowannensu, ɗan tabo kamar ƙwayar dawa. Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi a gidajenmu, kuma tana da asali. Mahaifiyarmu, Inna, tana da tata lambar, babba kamar sisi, ta rigakafin agana da aka bi gari-gari ana yi daga 1967. Wancan aiki ya yi kyau ƙwarai, don zuwa 1970 agana ta ƙare a Najeriya, a 1980 kuma aka shelanta ta bar duniya baki ɗaya. Ga wanda ya ga wannan da idonsa, lamba ɗaya ce, sau ɗaya ce, kuma ta gama komai. Sai dai lambar yaran yanzu ta BCG ce, ta tarin fuka, wadda ake yi lokacin haihuwa. Ba ta san ƙyanda ba, allurar ƙyanda kuma ba ta barin tabo. Dantse dai bai raba gardama ba.

Shaida ta biyu bangon zaure ne. Babansu ya nuna mini rubutun alli da ma'aikata ke yi a ƙofar gida, wani kan wani.

"Kawu, mutanen nan sun fi sau goma suna zuwa. Duk zuwa sai sun shafa wa yaran nan baƙi a farce. Ina amfanin?"

Shi ma gaskiya ya faɗa. Amma masu bin gida-gida ɗigon shan inna suke kawowa. Tun bayan rikicin 2003, lokacin da aka dakatar da ɗigon a wasu jihohin Arewa saboda zargi, har aka koma a 2004, aka dage da bin ƙofa-ƙofa. A 2016 aka ga ƙwayar shan inna ta asali karo na ƙarshe a Borno, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita. Ana ci gaba da zagayen ne saboda wani nau'in da ke ɓulla inda yara da yawa ba su da kariya. Ko yaro ya sha ɗigon nan sau ashirin, ƙafarsa aka tsare, ƙyanda na nan tana jiransa.

Na ce a kawo kati. Ƙanwata ta buɗe kwallar da take adana kayan aurenta ta ciro na Hassan cikin leda. Na Usaini aka yi ta nema, sai can ta tuna yana Muciya, wurin Inna. Ban tambayi abin da ya kai shi can ba, kuma wannan ne kuskurena na farko. Na hau keke napep daga kasuwar Samaru, muka bi ta Kwangila zuwa Sabon Gari, Inna ta zaro shi daga ƙarƙashin katifa ta miƙo mini.

Da daddare na shimfiɗa su gefe da gefe a ƙarƙashin fitilar waya. An haife su tsakiyar Mayu 2022. Layin haihuwa cike yake: BCG, ɗigon shan inna na farko, allurar ciwon hanta. Layin mako shida, da na mako goma, da na mako goma sha huɗu duk cike, kwanan wata iri ɗaya, hannu iri ɗaya. Na gangara layin wata tara, inda ƙyanda take tare da shawara da sanƙarau. A katin Hassan akwai kwanan wata. A katin Usaini ma akwai. Jikina ya yi sanyi. Ke nan babansu ne da gaskiya?

A layinmu akwai wata dattijuwa da ta yi shekaru talatin tana aikin jinya kafin ta yi ritaya. Kowa Sista yake ce mata. Na je mata da safe, ban ma ɗauki katunan ba, don a ganina na gama karanta su. Na tambaye ta ko allura tana lalacewa.

"Sosai ma, Malam," in ji ta. Ta ce rigakafi iri-iri ne, kowanne da abin da yake tsoro. Akwai masu rai, ƙwayar cutar ce kanta aka raunana ta yadda jiki zai yi kokawa da ita ya koyi kayar da ita: BCG, ɗigon shan inna, ƙyanda, shawara, da ɗigon gudawa da aka shigo da shi a Agustan 2022, daidai lokacin da 'yan biyunmu ke gama zagayensu na farko. Akwai waɗanda ba rai a cikinsu, ko dai an kashe ƙwayar ko an ɗauki wani ɓangarenta, kamar allurar shan inna ta cinya da ta ciwon huhu da ta sanƙarau. Akwai kuma na mashaƙo da tetanas, waɗanda dafin ƙwayar ne aka kashe wa kaifi. Su biyun nan suna cikin allurar cinya mai haɗin biyar, Penta, da aka fara a 2012, tare da tarin shiƙa da ciwon hanta da wata ƙwaya mai kawo sanƙarau da ciwon huhu. Ita Penta ƙanƙara ce ke kashe ta, ta ƙyanda kuwa zafi da haske. Shi ya sa a asibitin unguwa ake ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, kuma a jikin kwalba akwai ɗan murabba'i cikin da'ira, idan ya yi duhu ya kamo launin da'irar sai a zubar. Ta ƙyanda gari ce, sai an haɗa ta da ruwanta, kuma da zarar an haɗa awa shida kawai gare ta.

Na ce to ga amsa, wutar lantarkinmu ta dafa ta.

Sista ta girgiza kai. "Tagwaye a layi ɗaya, daga kwalba ɗaya ake ɗiba musu. In ta lalace wa Usaini, ta lalace wa Hassan."

Sai ta kawo wata hanyar. Jariri yakan zo duniya da guzurin kariya daga jinin uwarsa, musamman uwar da ta taɓa yin ƙyanda tana ƙarama kamar ƙanwata. Mai yiwuwa wannan guzurin ne ya rufa wa Gambo asiri. Amma shi ɗin ne kuma kan tare allura ya kashe ta kafin jiki ya koyi darasi. In an yi da wuri guzurin ya ɓata ta, in an jinkirta ƙyanda ta riga ta. A ƙasashen da ƙyanda ta yi ƙaranci sukan jira shekara ɗaya. Mu da take yawo a cikinmu kowace bazara aka tsayar mana wata tara, kuma a wannan lokacin cikin yara ɗari wajen 85 ne take kamawa. Saboda ragowar ne aka ƙara ta biyu a wata goma sha biyar, wadda ta shigo jadawalin Najeriya tsakanin 2019 da 2020.

Na ji daɗin wannan bayani. Usaini yana cikin sha biyar ɗin da allura ta zame wa, ƙaddara ce, babu mai laifi. Har na miƙe zan tafi ta ce, "Kawo mini katunan tukuna. Gani ya kori ji."

Da la'asar na kawo. Ta sa tabarau, ta fito da su tsakar gida inda rana take. Ba ta yi minti ɗaya ba ta ɗora yatsa.

"Karanta mini wannan."

"14 ga Fabrairu, 2023."

"Wannan fa?"

"28 ga Fabrairu, 2023."

"Tagwayen da duk sauran allurarsu rana ɗaya ce, me ya raba su da mako biyu?"

Na yi shiru. Ta lashi yatsa ta goga a kan na Hassan, bai motsa ba. Ta goga a kan na Usaini, rubutun ya dushe. Na Hassan da biro ne, da sa hannu a gefe. Na Usaini da fensir ne, babu sa hannu. Sista ta ce su da yawa haka suke yi, ranar da aka yi allura da biro, ranar da ake son a dawo da yaro da fensir, in ya dawo a goge a maye gurbin. Abin da na karanta da fitilar waya a matsayin shaida, ashe alkawari ne. Kuma layin wata goma sha biyar babu komai a katunan biyu, ban ma duba shi ba.

Saura sanin ko an cika alkawarin a wani wuri an manta ba a rubuta ba. Washegari muka je asibitin da suke zuwa awo, Sista ta roƙi a buɗe mana babbar rajista. Ga sunan Hassan ranar Talata 14 ga wata, da alama uku a gabansa. Sunan Usaini ya tsaya a mako goma sha huɗu, bai sake bayyana ba.

Na koma wurin ƙanwata. Wannan karon ban tambaye ta ko an yi musu ba, na ce ta ba ni labarin ranar nan daga fitarta gida.

Ta yi tunani. Lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari. Ta goya Hassan, ƙanwar mijinta ta riƙo Usaini. Usaini yana mura, jikinsa da ɗumi, yana fitar da haƙori. Matan da ke kan benci suka ce kada ta yarda a soki yaro marar lafiya. Da layi ya zo kanta, ma'aikaciyar ta taɓa goshinsa ta ce a bari ya warware, a kawo shi bayan mako biyu, ta yi rubutu a katinsa. Aka yi wa Hassan nasa, suka dawo.

"To kin mayar da shi?"

"Ai an yi masa a wurin Inna, Yaya."

Cikin makon nan ne ta gane tana da cikin Gambo. Manya suka ce nono ya ɓaci, sai yaye. Aka raba yaran tsakanin kakanni biyu, Hassan ya zauna a Samaru, Usaini ya tafi Muciya da katinsa a cikin ƙullin kayansa. Ta ce wa Inna akwai allurar da ta rage masa. Bayan wani lokaci Inna ta aiko cewa an yi. Ƙanwata kuma a saninta ta wata tara ce ta ƙarshe, sai ta rufe kwalla.

Na sake hawa keke zuwa Sabon Gari. Na zauna a bakin tabarmar Inna, na bi a hankali, don ba a yi wa uwa tambayar ɗan sanda.

"Inna, allurar Usaini ɗin nan, a wane asibiti kika kai shi?"

"Wane asibiti? Har gida suka zo."

Ta ce ta so ta kai shi Samaru ranar da aka ce. Amma wa ya manta da watan nan? Lokacin canjin kuɗi ne, tsofaffin takardu ba a karɓa, sababbi ba a gani, mutane na kwana a layin banki. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga wata, ranar 28 gari na zaman jiran sakamako, ita kuma ko kuɗin keke babu a hannunta. Ba ta san cewa da katin nan kowane asibitin gwamnati da ke kusa da ita zai karɓe shi kyauta ba. Tana cikin wannan damuwa, bayan 'yan makonni sai ga 'yan mata da akwatin sanyi sun yi sallama. Ta ce Allah ya kawo sauƙi, ta miƙa shi.

"A ina suka yi masa, Inna? A dantse ko a cinya?"

"A baki suka ɗiga masa. Suka shafa masa baƙi a ɗan yatsa."

Ta dube ni, ta dubi lambar da ke hannunta, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Kowa dai gaskiyarsa ya faɗa. Kalma ɗaya ce, "an yi masa," ta ɗauki kaya uku daban-daban, lamba da ɗigo da allura, ta bi ta hannun mutum huɗu, babu wanda ya kwance ta ya duba.

Abin da ya tsaya mini shi ne tushen, wato murar nan. Na tambayi Sista ko daidai ne da aka mayar da shi.

Ta ce tsoro ne ya yi aiki, kuma ta san irinsa. Ma'aikaciya tana gudun ta soki yaro mai mura, zazzaɓi ya ƙaru da dare, gobe a ce allurarta ce. Amma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya a fili take. Mura, tari, ɗan zazzaɓi, zawo marar tsanani, fitar haƙori, shan maganin asibiti, babu wanda ke hana rigakafi. Bakwaini ana yi masa. Mai tamowa da mai sikila su ne ma suka fi bukata, don su cuta ta fi kayarwa. Wanda ake ɗaga wa shi ne yaron da ciwo ya kwantar sosai, irin wanda za a ba gado, shi ma da ya farfaɗo ake yi masa.

Masu hanawa na gaskiya kaɗan ne, ta ƙirga mini su da yatsu. Yaron da aka taɓa yi wa wata allura nan take jikinsa ya kumbura numfashi ya sarƙe, ba a maimaita masa irinta. Yaron da garkuwar jikinsa ta faɗi ƙwarai, kamar mai shan maganin ciwon daji ko wanda cuta mai karya garkuwa ta ci ƙarfinsa, ba a ba shi masu rai sai likita ya duba, don ƙwayar da aka raunana ma tana iya fin ƙarfinsa. Ta shawara ba a yi wa ɗan ƙasa da wata shida, ko wanda cin ƙwai ke jefa shi cikin irin wancan hali na sarƙewar numfashi. Yaron da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu cikin mako guda bayan Penta, ba tare da wani dalili ba, ba a sake ba shi ɓangaren tarin shiƙa. Wanda hanjinsa ya taɓa shigewa cikin juna ba a ba shi ɗigon gudawa. Irin waɗannan yara ba su da abin dogaro sai rigakafin 'ya'yan maƙwabta, shi ya sa mayar da mai mura gida asara biyu ce.

Ta ƙara mini da wani abu da ban sani ba. Wannan dabara ta barin kati a hannun uwa, a Najeriya aka raine ta. Wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, shi ya gwada ta a Imesi-Ile, cikin jihar Osun ta yanzu, daga ƙarshen shekarun 1950, kuma a garin ne aka yi wasu daga cikin gwaje-gwajen farko na allurar ƙyanda a Afirka. Ya yarda cewa uwa ta fi kabad ɗin asibiti iya adana takarda. Ƙanwata da Inna sun tabbatar masa, katunan ko lanƙwasa babu. Abin da ba a koya musu ba shi ne bambancin biro da fensir.

Fensirin nan ba ƙyanda kaɗai ya ɓoye ba. Usaini ya yi shekara guda da wata biyu babu kariyar shawara, babu ta sanƙarau, a ƙasar da sanƙarau ke zagayowa da zafi. Hassan kuma da allura ɗaya ya tsallake, sa'a ya ci yana cikin 85. Ba a komawa farko don an makara, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Da Usaini ya murmure aka kai su tare, aka cike wa kowa abin da ya rage masa. Babansu da kansa ya riƙe Hassan, bai ce komai ba, amma shi ya biya kuɗin keke.

A Yulin 2024 Gambo ta cika wata tara, tsakiyar damina, hancinta na zuba. Inna ta taso tun daga Muciya ta ce ita za ta kai ta. Ƙanwata ta ba ni labarin cewa da wata a kan benci ta ce a mayar da yarinyar gida sai ta warke, Inna ko juyowa ba ta yi ba. Aka yi wa Gambo uku ɗinta, ta tsala ihu. Ma'aikaciya ta rubuta ta miƙo kati. Inna, wadda ba ta karanta boko, ta karɓa, ta lashi yatsa, ta goga a kan layin. Da ta ga bai goge ba, sannan ta miƙe ta gyara goyo.